Bargon Tsumma Ba Abin Kunya Ba Ne

'Yan'uwana 'yan makaranta, da iyayenmu waɗanda wannan mujalla za ta kai hannunsu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo ƙaramin abu ne, amma irin ƙaramin nan da Hausawa ke cewa allura ta tono garma. Waɗanda muke ɗakin kwana ɗaya da su sun san labarin, don kuwa da su aka yi dariyar. Sauran bari in ba su a taƙaice.

Da muka dawo daga hutu cikin watan Janairu, sanyin hunturu yana kan ganiyarsa, sai na zo da wani bargo daga gida. Ni mutumin Achilafiya ne, cikin ƙaramar hukumar 'Yankwashi ta ƙasar Kazaure, kuma duk wanda ya taɓa kwana a wajenmu cikin wannan lokaci ya san yadda iska ke kaɗowa daga arewa da asuba, har mutum ya ji kamar ƙashinsa ake sara. Bargon nan ba na kanti ba ne. Kakata ce, wadda muke kira Iya, ta ɗinka shi da hannunta daga ƙyallayen atamfa da shadda da yadi, waɗansu ja, waɗansu shuɗi, waɗansu ruwan ƙwai. Ta haɗa su ɗaya bayan ɗaya, ta yi masa ciki da tsofaffin zannuwanta guda biyu, sa'an nan ta bi shi da zare layi layi tun daga wannan baki har wancan. Daren farko da na shimfiɗa shi bisa gado, wani siniya ya haska tocila ya ce, "Kai, wane mahaukaci ka yi wa fashi a kasuwa?" Ɗaki ya ɗauka da dariya. Kafin mako ya zagayo an raɗa mini suna Mai Tsumma, har yaran aji ɗaya suna faɗa a bayan idona.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji kunya. Na naɗe bargon na cusa shi ƙasan akwati, na kwana uku ina makyarkyata cikin zanen gado ɗaya tal. A dare na huɗu ne na ga wautata. Ga abin rufa cikin akwati, ga ni ina rawar ɗari don kada a yi mini dariya, alhali masu dariyar suna can sun duƙunƙune suna ta minshari. Na tashi na ɗauko abina.

Tun daga wannan dare nake ta juya maganar a raina. Na tambayi tsofaffi, na tambayi malamai, na kuma duba abin da na iya samu a laburare. A ganina ɗinkin haɗa ƙyallaye fasaha ce sosai, daidai da zane da saƙa da ginin tukwane, kuma aiki ne da ya dace ɗan makaranta, namiji ko mace, ya riƙa yi don sha'awa a lokacin da ba ya karatu. Ina kuma ganin mun yi kuskure da muka bar shi a hannun tsofaffi kaɗai, muna kallonsa kamar alamar talauci. Wanda bai yarda ba ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe, sa'an nan ya ba ni amsa a fitowa ta gaba.

Da aka ba mu hutun tsakiyar zango na je gida, na kwashe labarin duka na gaya wa Iya. Na zaci za ta ji haushi. Sai ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Ashe maigidana kunyata ya ji a gaban mutane? To kawo mini kayana in ba ƙanenka, dama ya fi ka iya cefane." Na ce, "Haba Iya, ai na tuba." Ta ce in shimfiɗa shi bisa tabarma. Muka zauna a tsakar gida, ta riƙa ɗora yatsa kan ƙyallayen ɗaya ɗaya. Wannan kore mai zanen ganye, in ji ta, ragowar atamfar lefen mahaifiyata ce. Wannan fari da ya soma komawa ruwan ƙasa, daga rigar da marigayi kakana ya yi Sallarsa ta ƙarshe da ita aka yanko shi. Ga wani shuɗi mai kauri a gefe, ashe wandon makarantata ne na firamare, wanda na yage a kan bishiyar mangwaro na dawo gida na ce kare ne ya ja ni. Can tsakiya kuma akwai wani ɗan jan ƙyalle da bai kai tafin hannu ba. Shi ne abin da ya rage na zanen da aka goya ni da shi, aka kuma goya yayata da shi kafin ni.

Na yi shiru. Makonni nake rufa da abu ban san da me nake rufa ba. A gidanmu babu hoton kakana ko ɗaya, ni kuwa ban tashi na same shi da rai ba. Abin da na taɓa riƙewa nasa a duniya shi ne wannan farin ƙyalle, kuma shi ne na cusa ƙasan akwati don wani ya haska tocila. Ku gaya mini, bargon kanti na naira dubu nawa ne zai iya ba ni wannan?

Na tambaye ta yadda ta san inda za ta ajiye kowane launi, tun da ba ta taɓa shiga ajin zane ba. Ta ce, "Ja biyu ba sa zama kusa da juna, kishiyoyi ne, sai ka sa fari ya shiga tsakani. Baƙi kuwa gishiri ne, kaɗan ake sawa." Ta ce rani guda ta yi tana aikin, kullum bayan la'asar, kuma sau biyu tana warware wani ɓangare don idonta bai kwanta da shi ba. Da na kawo wa malaminmu na zane wannan magana, sai ya ce abin da ya yi zango guda yana ƙoƙarin koya mana game da daidaita launi ke nan, Iya ta faɗe shi cikin numfashi ɗaya.

Yanzu bari mu zo ga masu cewa haɗe-haɗen ƙyalle kayan matsiyata ne ko na mahaukata. Ina so in tambaye su, sun taɓa tsayawa kallon hawan Salla kuwa, ko namu na Kazaure, ko na Kano da Katsina? In sun taɓa lura da 'yan lifida, lalle sun ga su da dawakansu an lulluɓe su da wata irin sutura mai kauri, ja da kore da ruwan ɗorawa, an yanka ta alwatika alwatika da murabba'i, an haɗa. To, shi wannan lifidin mene ne? Ƙyalle ne a sama, ƙyalle a ƙasa, aka cusa auduga a tsakani, galibi audugar rimi, aka bi da ɗinki layi layi don kada audugar ta tattaru wuri guda. Watau aikin da Iya ta yi wa bargona shi ne aka yi wa dokin, sai dai nasa ya fi kauri. Ni dai ban taɓa jin wanda ya tsaya a ƙofar fada ya kira dokin Sarki Mai Tsumma ba.

Kuma abin ba na jiya ba ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi sarauta daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke Kano. Shekara fiye da 600 ke nan. A zamanin yaƙi da kibiya da mashi, lifidi ne ke tsare doki da mahayinsa, don kibiya takan nutse cikin audugar ta rasa ƙarfi kafin ta kai ga fata. Yana da nasa aibi. Yana da nauyi, har in barde ya faɗi da ƙyar yake tashi sai an taimake shi, kuma audugar rimi ba ta wasa da wuta, shi ya sa abokan gaba sukan harbo kibiya mai wuta. Da yaƙi ya wuce sai lifidi ya zama ado. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke ji da su. Baƙi na tasowa daga nesa su zo kallon abin da maɗinka suka yi da allura, mu kuwa muna nan cikin ɗakin kwana muna yi wa allurar dariya.

Akwai kuma masu cewa allura ta mata ce, namiji bai kamata a gan shi da ita ba. Wannan ma rashin sanin gida ne. A da, mata ne ke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa da mazari su fitar da zare da abawa, waɗansunsu kuma su saƙa gwado a cikin gida. Amma saƙar waje da rini da bugu da ɗinki, duka maza ne ke yi. Aska biyu da aska takwas da tambarin da muke gani a ƙirjin babbar riga, malamai da almajiransu ne suka fi shahara da su, suna zaune a zaure bayan an tashi karatu. Ita kanta babbar riga ta asali haɗe-haɗe ce, don masaƙi saƙa siririya yake fitarwa, faɗinta 'yan yatsu, sai an jera da yawa an ɗinke su gefe da gefe kafin a sami abin da za a yanka riga. Turkudin Kura da Buzaye ke so, siririn saƙarsa bai kai faɗin yatsu biyu ba, ku duba yawan ɗinkin da ke cikin rawani ɗaya. Da irin wannan aiki ne Kano ta yi suna. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar ana kai su har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta tun 1498, shaida ce ga mai son gani da ido. Daga baya mata ma sun shigo ɗinkin riga na hannu, musamman a birnin Zariya, inda a 1994 waɗansunsu suka kafa ƙungiya mai sunan Sarauniya Amina. Saboda haka allura ba ta tambayar wanda ya riƙe ta.

To, me ya faru har muka koma raina ƙyalle? Abin da na gane shi ne, sa'ad da zane ɗaya ke cin makonni tun daga kaɗi har saƙa, ba wanda zai yar da ko da faɗin tafin hannu. Riga in ta tsufa a yi mata maho, in ta mutu a mai da ita rigar yaro, in ta sake mutuwa ta shiga bargo. Daga baya injuna suka zo. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, waɗansu suka biyo baya, suna aiki da audugar da manomanmu na Arewa ke nomawa. Su ma ba su ɗore ba. Ita ta Kakurin ta tsaya a 2002, babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida. Yau in ka shiga Kantin Kwari yawancin abin da za ka gani daga Sin aka kawo shi, in ka leƙa Ƙofar Wambai kuma ga gwanjo nan dila dila, kayan da waɗansu suka gama sawa a ƙasashensu. Abin da ke ba ni mamaki, mutum zai sa rigar gwanjo wadda bai san wanda ya yi gumi a cikinta ba, ya fito yana taƙama, amma ƙyallen rigar kakansa ne abin kunya.

Ku zaga shagunan teloli a Kazaure ko Roni ko Babura ana saura mako guda Salla, ku dubi ƙarƙashin kekuna. Ƙyallaye ne tuli, sababbi ful, ba a taɓa ko wanke su ba. Kaɗan ake cusawa cikin matashi, sauran a share a ƙone, ko a zuba a juji iska ta kwashe su zuwa kwata, su haɗu da leda su toshe hanyar ruwa da damina. Yawancin yadin yanzu da roba a cikinsa, ba ya ruɓewa kamar auduga, in an ƙone shi kuma warinsa ya ishi unguwa. Na je wurin wani tela a garinmu na gaishe shi, na ce, "Baba, me kuke yi da waɗannan?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, in kana so kwashe, ka rage mini shara." Buhu guda na cika, ban biya ko kwabo ba.

Mu leƙa waje kaɗan. Malamin zanen nan namu ya nuna mana hotunan aikin waɗansu mata baƙar fata na wani ƙauye da ake kira Gee's Bend, cikin jihar Alabama ta Amurka, jikokin bayi ne. Talauci da sanyi suka sa su haɗa barguna daga tsofaffin wandunan aiki da buhunan gari, kamar dai Iya. Shekara da shekaru ba wanda ya kula da su. A 2002 aka rataya bargunan nan a babban gidan baje kolin zane na birnin Houston, daga nan aka kai su New York, masana suka yi ta yabo, har a 2006 gidan waya na Amurka ya buga kan sarki iri 10 da hotunansu. Wallahi da na ga ɗaya daga ciki sai na ce na Iya ya fi shi tsari, ko da yake ni jika ne, shaidata ba ta karɓuwa. A Senegal kuma akwai mabiya Shehu Ibra Fall, almajirin Shehu Ahmadu Bamba, waɗanda ke sa tufafin haɗe-haɗen ƙyalle da gangan don nuna ƙanƙan da kai. A Japan ma tsofaffin kayan manoma masu maho bisa maho, rinannu da baba irin namu, yanzu a gidajen tarihi ake ajiye su.

Kada dai wani ya ce na yi masa alkawarin arziki. Ban yi ba. Dubi masu ɗinkin hula a garuruwanmu. Yarinya za ta yi makonni tana tsiyayar da idonta a kan hula ɗaya, abin da za a ba ta bai taka kara ya karya ba, riba tana wurin dillali. Su ma matan Alabama ɗin, a 2007 waɗansunsu sai da suka kai dillalansu ƙara kotu a kan maganar kuɗi. Wanda ya shiga wannan aiki don ya sayi babur zai yi fushi ya bari tun kafin ya gama layi uku. Amfanin da na sani tabbas shi ne na gida: abin rufa da hunturu, rigar matashi, jakar littattafai, shimfiɗar jariri, abin da za ka kai wa 'yar'uwarka ranar aurenta wanda ba wanda zai kawo irinsa. In kuɗi sun zo daga baya, madalla.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta mahaifina. Da ya gan ni na baje buhun ƙyallaye a zaure sai ya tsaya ya ce, "Karatu na tura ka, ko ɗinki?" Na durƙusa na ce, "Baba, karatu ne." Kuma gaskiya gare shi, don shi ya san abin da ya sayar kafin ya biya mini kuɗin jarrabawa. Na san iyaye da yawa da ke karanta wannan haka za su ce. Amsar da ban iya ba shi a ranar ba, saboda nauyinsa da nake ji, ita ce zan rubuta a nan. Ba lokacin karatu nake nema a ba ɗinki ba. Kowa ya san sa'o'in da muke kashewa da hutu a gidan kallon ƙwallo da kan waya, muna musu a kan 'yan wasan da ba su san da zamanmu ba. Daga cikin waɗannan nake cewa a ɗebi kaɗan. Na yarda, zangon jarrabawa a ajiye allura. Na kuma yarda kada a yi ɗinki da tocila cikin dare, don yana cin ido.

Har wa yau, aikin nan ya koya mini lissafin da allo ya kasa sa mini a kai. Farkon abin da na gwada rigar matashi ce, tsawo santimita 50, faɗi 40. Na ce murabba'i mai santimita 10 zan yi amfani da shi, biyar a tsaye huɗu a kwance, guda 20 ke nan. Na yanka su 10 cif cif, ina jin kaina gwani. Na manta cewa ɗinki zai ci santimita 1 a kowane gefe. Da na gama sai kowane murabba'i ya koma 8, rigar ta fito 40 da 32, matashin ya ƙi shiga. Iya ta yi ta dariya, ta ce in ajiye wa 'yar tsana. Na zauna na lissafa, na ga fiye da kashi ɗaya cikin uku na faɗin aikin ya shige cikin ɗinki. Tun daga ranar ban sake rikicewa a kan lissafin fili ba. Yanzu na san in ina son bargo mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 da rabi, sai na tanadi murabba'i 300, kowanne in yanka shi santimita 12.

Ga wanda ke son gwadawa, abin ba shi da wuyar farawa. A fara wanke ƙyallayen, don wani yadi yana zuba, wani yana tsukewa, gara ya yi halinsa tun kafin a haɗa shi da 'yan'uwansa. A goge su, a ware masu kauri daban, marasa kauri daban, domin in ka haɗa kaki da leshi, kakin zai yaga leshin a wanki na biyu. A yanka kwali daidai girman da ake so, a riƙa ɗora shi ana zagayawa da guntun sabulu ko alli, sa'an nan a yanka. A haɗa ƙyalle da ƙyalle su zama layi, a haɗa layi da layi su zama fuska. Daga nan a shimfiɗa shafi a ƙasa, a ɗora tsohon zane a tsakiya, a rufe da fuskar. Iya ba ta son audugar rimi a bargo, ta ce in an wanke takan dunƙule, a bar wa matashi da lifidi. Ɗinkin da zai kama ukun nan kuwa daga tsakiya ake fara shi a nufi baki, in ka fara daga baki tsakiyar za ta kumbura kamar cikin kwaɗo. A ƙarshe a kalmashe gefe.

Wanda hannunsa ya faɗa yana iya wuce nan. Ana iya yanka siffar dagi ko ta raƙumi ko ta tauraro a ɗora bisa wani ƙyallen a ɗinke, yadda dukawa ke yi da jar fata da koriya a jikin tumtum. Ana iya ɗaure farin yadi a tsoma shi cikin baba ya fito da zane, ko a rina da gangamau ya yi ruwan ɗorawa. Irin wannan ba sai an rufa da shi ba, a bango ake rataya shi kamar hoto. Ni burina in yi duwatsun Kazaure da ruwan dam ɗin da ke gindinsu, da ƙyalle zalla. Na riga na sami shuɗin ruwan, toka-tokar duwatsun nake nema.

Akwai abin da ya kamata a kiyaye. Ragowar yadi mai yawa haƙƙin mai kaya ne, ba na tela ba, saboda haka ƙananan da aka share kaɗai za a roƙa. Kuma waɗansu mutane ba sa son ƙyallen tufarsu ya shiga hannun wani, suna da dalilinsu. Kada yaro ya ɗauki almakashi ya nufi akwatin uwarsa ya ce ni na sa shi. A tambaya tukuna.

Roƙona ga Shugaban makaranta da malamanmu shi ne, yadda muke da ƙungiyar muhawara da ta wasan kwaikwayo, a ba mu izini mu kafa ta aikin allura, sa'a biyu ranar Asabar. Ba ma neman keke, ba ma neman kuɗin yadi. Allura da zare da almakashi biyu sun isa. A riƙa gayyato tsofaffin cikin gari waɗanda suka iya, su zo su zauna bisa tabarma su nuna mana, a ba su ɗan goro a girmama su kamar yadda ake girmama kowane malami. Ranar ba da kyaututtuka kuma a rataya abin da muka yi a zauren taro, iyaye su gani su yanke hukunci da kansu.

Ina gaggawa da wannan roƙo ne saboda wani dalili. A unguwarmu, tsofaffin da suka iya aikin nan ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Iya kanta idonta ya soma rauni, hutun nan da ya wuce ni nake zura mata zare a allura, in ba na nan sai ta jira wani yaro ya wuce. Ta fara wani bargon don yayata, ta kai rabi, ta ce mini, "Maigidana, in ban ƙarasa ba kai za ka ƙarasa, kada ka bari a yi tsumman goge-goge da shi." Na ce to. Amma har yanzu akwai yadda take juya allura a kusurwa, ƙyalle huɗu su haɗu baki ɗaya ba tare da ƙulli ba, wanda na kalla ya fi sau goma ban kama ba.

Kafin izini ya fito, mu huɗu ne muke zama ranar Asabar bayan la'asar a gindin darbejiyar da ke bayan ɗakin kwana, biyu daga cikinmu ma da su aka yi dariyar nan ta watan Janairu. Ƙyallaye akwai su buhu guda. Mai son zuwa ya zo da allurarsa, don guda biyu gare mu, ɗaya kuma ta lanƙwashe. In bai gane wurin ba ya tambayi Mai Tsumma, ko yaran aji ɗaya za su nuna masa.